Inda Iska Ke Fita

Ni mai faci ne a Gada Biyu, nan Gusau.
Shekara ashirin da ɗaya ina nutsa tif cikin baho,
ina jiran kumfa ta nuna min inda ƙusa ta shiga.

Da takardar gayyata ta zo, na ce ɓatan kai ta yi.
Horon shugabanni? Ni da ko mashin ban mallaka ba?
Mai unguwa ya ce, "Hashimu, a rumfarka yaran nan ke yini.
Wanda ake zama inuwarsa ya riga ya ɗau kaya."

Kwana uku a ajin firamare,
gwiwoyinmu sun ƙi shiga ƙarƙashin bencin yara.
Mu goma sha tara:
ladan, ungozoma, shugaban 'yan kabu-kabu,
mai gidan kallon ƙwallo,
da Inna Tambai mai ƙosai,
wadda ta san wane yaro ya kwana da yunwa
tun kafin ya miƙo hannu.

Malama Rashida ba ta zo da wa'azi ba.
Agogo ta ajiye a tebur, ta ce,
"Biyu-biyu. Ɗaya ya yi magana minti biyar,
ɗaya ya kama bakinsa."
Sai rabo ya haɗa ni da Lawwali mahauci,
wanda ɗansa ya sari ƙanena a kafaɗa bara
kan wayar da ba ta kai kuɗin ɗinkin ba.

Na taɓa ta da tayar tirela ni kaɗai.
Ba ta kai minti biyar ɗin nan nauyi ba.

Ya ce, "Tun ranar, ina ƙirga wuƙaƙena kafin in kwanta.
Bakwai ne.
Daren da na iske shida,
na zauna bakin ƙofa har kiran assalatu."
Maganar da na taho da ita daga gida, na wasa ta sarai,
ta tsaya min a maƙogwaro,
na haɗiye ta da yawu.

Washegari muka zana unguwa a bayan kwali.
Ga famfo, inda layi ke zama faɗa.
Ga kwalbati, ga kangon da ake shan ƙwaya,
ga lungun da fitila ta mutu tun zaɓen da ya wuce.
Malama ta ce, "Ku duba inda rigima ke soma numfashi,
ba inda take faɗuwa ba."
Na yi dariya ni kaɗai.
Ashe sana'ata aka zo koya min.

Satifiket na rataye a ƙusa, bisa injin iska.
Baƙin mai ya riga ya taɓa kusurwarsa.

Daren Alhamis, mako biyu bayan nan,
na ji gudu, na ji ƙarfe yana jan ƙasa.
Da ni ne na da, sakata zan ƙara.
Na fito ba sanda, na zauna bisa kwalbati,
ƙafata tana rawa cikin silifa.
Su takwas. Na san shida.
Ban ce "ku tsaya" ba.
Na ce, "Anas, ya jikin mahaifiyarka? An samu jinin?"
Adda ta sauka zuwa gwiwarsa.
Ya ce, "Leda ɗaya ta rage."
Sai ga Lawwali daga ɗaya lungun, da fitilar hannu,
ya zauna kusa da ni, bai ce uffan ba.

Biyar suka juya.
Uku suka bi ta bayan masallaci,
kuma da safe an ɗinke kan wani yaro a asibiti.
Ba zan yi muku ƙarya ba.

Faci ba sabuwar taya ba ne.
Yana kai mutum gida, gobe ya dawo.
Anas ya zo Asabar, bayan mun ba da jinin,
ya tsuguna gaban baho, hannunsa cikin ruwa.
Na ce, "Kar ka matsa da ƙarfi.
Riƙe, ka jira."