Mai Fito a Shafi na Tara

Shekara ashirin da shida ina koyar da labarin nan
a garinmu na bakin Misisipi,
a ajin da tagarsa ba ta rufuwa.
Gajere ne, ya girmi kakata,
ana ji da shi kamar tsoka ɗaya a miya:
ruwa ya ci gari, wani alƙali farar fata
ya nemi tsallake kogi da iyalinsa cikin dare.

Dokin alƙali yana da suna.
Karen 'yarsa yana da suna.
Har agogon aljihunsa an faɗi garin da aka ƙera shi.
Mai fiton da ya haye da su kuwa,
"baƙar fatar nan" kawai, sau huɗu,
sai wani baƙin hannu da ya miƙo fitila.

Ba ni na ƙirga ba. Loretta Gaines ce,
mai cizon gindin fensir a layin baya.
Ta ce, "Malama, da ya sauke su ina ya koma?
Shi nasa gidan ba a cikin ruwan yake ba?"
Na buɗe baki in ce zamanin ne haka,
in ce a dubi zaƙin jimla, a dubi gwanintar alƙalami.
Maganar ta tsaya mini a wuya kamar ƙayar kifi.

Don ni ma ina da wadda ta haye.
Gwaggo Eulalie, fara tas, gashi har gadon baya,
ta hau jirgin ƙasa tana tamu,
ta sauka a Shikago tana Baturiya.
Ba wasiƙa, ba ko a gaida mutan gida.
Ranar da muka binne kakata
wata mota ta tsaya nesa da maƙabarta, gilashi a rufe,
ta juya kafin a ce amin.
An cire hotonta daga bangon falonmu.
Ƙusar tana nan.

Shi hana shi suna aka yi.
Ita da hannunta ta ajiye nata a tasha,
har yau ban san wanda zan fi yi wa kuka ba.

Da aka tashi na bi tebur ina tattara littattafai.
A shafi na tara, a gefe, da ƙananan baƙaƙe,
Loretta ta rubuta: Sunansa Hosea.
Yana da 'ya'ya uku. Yana tsoron ruwa.

Littafin hukuma ne, doka ta ce a goge.
Na ɗauki magogi, na juya shi, na juya shi,
har mai shara ya leƙo ya koma.
Sai na ari fensirin da ta manta, mai shaidar haƙora,
na sa Eulalie a ƙarƙashin Hosea.

Baɗi wani yaro zai gaji littafin.
Zai tarar kwalekwalen ya ɗan ƙara nutsewa,
ba zai san dalili ba.