Ta Wa Ce Ɗorawar?

Take uku na kai wa Dakta Hammari,
duka ukun ya bi su da jan biro.
Damfarar intanet: "An tatse ta har ta ƙafe."
Haƙƙin fursuna: "Kin taɓa leƙa gidan yari?"
Na ukun bai ma karanta ba.
Ya zare tabarau, ya ce, "Hansatu,
take ba mayafi ba ne da ake ara a ɗakin ƙawa.
Je ki nemo abin da ke hana ki barci,
shi kaɗai ke jure rubutawa."

Na fito Tudun Wada, rana a tsaka.
Ni da barci ai lafiya lau muke,
sauro ne kawai ke shiga tsakani,
shi kuwa ba mai gurfanar da shi, balle ɗaurewa.

Ran Asabar na hau motar Pindiga.
Na tarar Goggo Dudu ta ƙi cin tuwo.
Kawu Bappa ya sayar da gonar bakin rafi,
Alhaji Giɗaɗo ya zagaye ta da waya,
ya ce da ƙasar da abin da ke kanta duk nasa ne.
Goggo ta ce, "Gona ya saya, na ji.
Amma ni na dasa ta, shekarar da na haifi uwarki,
ni na kare ta da ƙaya daga bakin awaki.
Wa ya sayar masa da ɗorawa?"

Daren nan idona biyu har assalatu.

Dakta ya ce, "Yanzu kika zo.
Amma ya yi faɗi, a rage masa hannu.
Ba itatuwan Arewa duka ba. Akko kaɗai.
Wanda ya rungumi daji, ko kara ɗaya ba ya ɗaukowa."

Ɗakin karatu, fanka ɗaya ke juyi.
Baturen littafi ya ce, da Latin ɗinsa,
abin da ya kafu a ƙasa na ƙasa ne.
Malaman fiƙihu sun yi dogon zance kan dabino,
na wa ne 'ya'yan in an sayar da uwar.
Dokar filaye ta san gwamna, ta san diyya,
na bi ta sashe-sashe da yatsa,
ba ta san hanyar da kalwa ke bi ba
kafin ta zama daddawa.

Kotun Kumo, ɗakin ajiya.
Malam Sambo ya kwance igiyar wani fayil
da ya girme ni da shekara goma sha biyu:
mace da ƙanin mijinta, a kan tsamiya.
Ga shaidu, ga rantsuwa, ga zanen iyaka da fensir.
Hannuna na rawa na juya shafin ƙarshe.
Daidai inda alƙali ya ce "saboda haka,"
gara ta riga ni karantawa.

Dattijai tara na zauna da su.
Huɗu suka ce itace na mai dashe ne har ya mutu,
uku suka ce da can ne, kafin zuwan takarda,
Jauro ya ce sai ya ga wanda ke tambaya,
na tara ya yi gyangyaɗi, wayata na ta naɗewa.

A ƙasan shafi na ashirin da shida
na sa lamba, na rubuta:
Goggo Dudu, hira, ta bayan waya.
Dakta ya zagaye shi, ya daɗe shiru,
bai ce a cire ba, ya ce in sa kwanan wata.

Shafi saba'in da biyu, an ɗinke, baƙin bango.
Na kai mata, ta auna shi a tafin hannu,
ta ce, "Mudu nawa na kalwa ke nan?"
Ban da amsa. Har yau maganar tana gaban Jauro.

Reshe ɗaya dai ya tsallake wayar.
Da sassafe takan je da ƙwarya,
abin da ya faɗo ta wannan gefen
ba ta jiran hukunci kafin tsincewa.