Ƙunshi Ɗaya Kacal

Ƙarfe tara na dare a Puerto Montt,
ruwan sama na dukan kwanon ofis kamar mai bin bashi.
Ximena Huenchul ta ture kofin shayinta,
ta ce wa kwamfuta: ƙunshi ɗaya kacal zan ƙara.

Can a bakin teku wata gorar roba na lilo,
a cikinta ɗan allo kore, bai kai tafin hannu ba.
Shi ke auna iskar da kifi ke shaƙa,
ya aiko da lamba duk minti goma.
Lambobin sun yi wa rediyonsa nauyi.
Ana neman manhajar da za ta matse su,
yadda ake danne kaya da gwiwa kafin a ja zik.

Ta buɗe sabon fayil.
Suna. Inda za a ɗauko shi.
Hatimin da zai shaida ba a taɓa shi a hanya ba.
Izinin mai shi,
wani da ba ta taɓa ganin fuskarsa ba.
Layi goma sha ɗaya. Ta danna.

Magini ya tashi. Ba ya tambaya, ba ya hamma,
daga tushe yake farawa, tubali bisa tubali,
minti arba'in rubutu na zuba kamar tururuwa,
sai ya tsaya cak.
Ja.

Ashe baƙon ba ya tafiya shi kaɗai.
Yana da ƙane, ƙanen yana da aboki,
abokin kuwa ya rantse ba zai kwana ɗaki ɗaya
da wani tsohon ƙunshi ba,
wanda Eleuterio ya dasa shekara shida baya,
kafin ya ajiye aiki ya koma Chiloé kiwon tumaki.

Ta kira shi. Ya ɗauka da muryar barci.
Kar ki cire shi, ya ce, shi ke riƙe da agogo.
In ya fita, gorar nan ba za ta san dare da rana ba.
A bayansa wata tunkiya ta sa baki.

Ma'adana megabait goma sha shida ce,
ba ta miƙewa don an roƙe ta.
Daidai ruwa, daidai tsaki.
Ta sauke wa baƙon kayan da bai buƙata,
ta sallami abokin,
ta yi wa ƙanen faci da layi uku,
ta sake danna. Ja. Waƙafi ɗaya ta manta.
Ta sake.

Biyu saura kwata, kore.
Babu mai tafi, sai firij yana gunaguni a kusurwa.
Da asuba Baldomero zai saka katin a aljihun rigar ruwansa
ya tuƙa jirgi zuwa gorar,
kifi kuma su ci gaba da numfashi, ba ruwansu.

Kafin ta kashe fitila ta bar wa na baya saƙo a saman fayil:
Kar ka cire wannan, shi ke riƙe da agogo.
Tambayi Eleuterio, in tumaki sun bar shi.