Kwamfuta Biyu, Tabarma Ɗaya

A zaurenmu na Jahun,
tawa da ta Munzali kan tabarma guda,
kowacce da yaren da aka raine ta,
ba sa ga maciji.

Lissafin buhunan riɗi na cikin tawa,
tasa ta rantse ba ta san da zamanta ba.
Na kashe, na kunna. Shiru.
Batirin sola ya fara kukan yunwa.

Inna ta leƙo:
"Anya rijiya ɗaya suke sha?"
Ashe tasa na laɓe a wayar maƙwabci.

Muka dawo da ita gida.
Ta nemi kalmar sirri, na raɗa mata.
Buhu arba'in da bakwai suka ƙetare
ladan na gyaran murya.