Motar da Ba Ta Nisa

Litinin da safe, ana yayyafi a Setúbal,
Dona Graciete ta shigo garejina
da farar motar marigayi mijinta,
motar na numfashi kamar mai asma a kan tudu.
Ta ce, "Amílcar, wata fitila ruwan ɗorawa
ta kafa mini ido tun kafin Ista.
Na liƙa mata takarda, amma na san tana nan."

Na ɗaga motar, na shiga ƙarƙashi.
Notuna huɗu, tsatsa ta cinye musu kai,
iskar teku ba ta raga wa ƙarfe a garin nan.
Na fesa mai, na sha kofi, na dawo.
Uku suka ji lallashi.
Na huɗun sai da wuta.

Ga matatar hayaƙi a hannuna,
cikinta saƙar zuma ce ta yumɓu,
ramuka dubu, kowanne da bakinsa ɗaya a toshe,
hayaƙi ya shiga, ya ajiye baƙinsa, ya wuce.
Na haska tocila ta nan,
ko ƙyalli bai fita ta can ba.

Ina kike zuwa da ita?
Gidan burodi. Kasuwar kifi.
Maƙabarta ran Alhamis, furanni a kujerar baya.
Kilomita uku, in ta yi nisa huɗu.
Shekara biyu ke nan.

To, ai shi ke nan.
Injin dizal sai ya yi zafi sosai
yake ƙona abin da ya tara.
Wanda kullum ake kashewa kafin ya ɗumama
haɗiyewa yake yi,
yau kaɗan, gobe kaɗan,
har ranar da zai nemi iska ya rasa.
Wannan ban faɗa mata ba. Na ce ta dawo Laraba.

Na ɗora matatar a sikeli,
na rubuta nauyinta da alli a jikin bango.
Na jiƙa ta da magani, ta kwana.
Washegari na ɗaura mata mesa ta baya,
don datti ba ya fita ta hanyar da ya saba bi,
sai an juya masa ruwa.
Na farko ya fito baƙi ƙirin kamar tawada,
na biyu ruwan ƙasa,
can sai fari-fari, mai tsaki-tsaki.
Wannan ita ce toka.
Kunkunniya tana ƙonewa in an yi gudu,
toka kuwa ta riga ta ƙone,
ba wutar da za ta sake cin ta.
Sai hannu, sai ruwa, sai haƙuri.

Na busar da ita a tanderu har dare.
Sikeli ya ce ta rage giram ɗari biyu da arba'in.
Tocila ta wuce, ta faɗi a kan takalmina.

Laraba na ce mata:
sau ɗaya a mako, babban titi,
minti arba'in ba tsayawa,
kada ki tausaya wa inji, bar shi ya yi gumi.
Ta ce, "In je ina?"
Na ce, motar ba ta tambaya.

Ta daɗe tana juya makulli a tafinta.
"Ina da ƙanwa a Évora.
Rabonmu da magana tun ranar jana'iza,
a kan itacen zaitun goma sha ɗaya."
Na ce Évora awa ɗaya ce, ta ishi matata.
Sauran ba aikina ba ne.

Ta sa farce ta ɓare takardar.
Babu fitila.
Ta fita, ta tsaya a mahaɗar hanya,
hagu maƙabarta, dama gada da babban titi.
Sai wayata ta yi ƙara, na juya,
wani mai tasi ne, tasa ma ta toshe.
Ko da na waiwayo, babu kowa a wurin.

Tokar tana nan a kwalbar zaitun, kan kanta.
Ban san me ya hana ni zubarwa ba.