Ƙasar da Ke Ƙarƙashin Farcensa

Jirgin ƙasa ya sauke shi a Agege
da gatari, da ƙullin iri, da sule goma sha ɗaya.
Jatau ɗan Bawa.
Ya ce bai zo dako ba, bai zo canji ba.
Aka yi dariya: wa ke noma a Ikko?

Bayan Ikorodu akwai wata fadama
da masu ita suka bar wa sauro.
Ya gai da Bale da ƙwaryar goro,
aka ce, je ka, in ka rayu taka ce.
Damina biyu yana sassabe,
ruwa iya gwiwa, matsattsaku a ƙwauri.
A bakin mata masu sarin alayyafo ya koyi Yarbanci,
shi ya sa har ya tsufa
in ya yi fushi, zagin tsofaffin mata yake yi.

Ni ce 'yarsa ta uku, mai riƙe masa lissafi.
Ina nan ranar da katafila ta zo
da wani mai takarda, tambarinta bai bushe ba.
Kunya arba'in ta latas ta tafi kafin azahar.
Baba bai ce uffan ba.
Da dare ya tambaye ni: ina ake ƙera irin wannan takarda?
Na ce, a Alausa.
Ya ce, ashe ma garinmu ne.

Masu kifi suka zaɓe shi, da masu rogo,
da matan nan da ke kiransa Baba Elefo.
Ya shiga majalisa da babbar rigar aro,
aka sa shi kujerar can baya, kusa da ƙofa.
Wata bakwai bai yi magana ba,
yana kallon zauren kamar mai duban hadari.

Ƙudurinsa guda ne:
wanda ya noma wuri shekara goma, kada a tashe shi da rana tsaka.
Karatu na farko, aka yi hamma.
Na biyu, kwamiti ya ɓatar da fayil.
Ya sake kawowa. Ya sake.
Wani lauya ya ce, ranka ya daɗe, nan birni ne.
Baba ya ce, to me ka ci da safe, siminti?

A shekara ta takwas ta wuce,
an fige ta kamar kazar biki,
amma saura layi biyu da ransu.
Zaɓe na gaba ya faɗi da ƙuri'a ɗari da shida.
Ya mayar wa mai riga rigarsa.

Yanzu fadamar gidaje ce masu jan rufi,
sai wata kusurwa da layi biyun nan suka tsare,
inda jikar Mama Risi ke shuka ayoyo.
Ba ta san sunansa ba.

Da maza suka fito daga wankansa
ƙanena ya ce sun yi, sun yi,
farcen ya ƙi fita.
Na ce ku bar masa.