Mita Talatin da Biyu

Akwatuna tara aka sauke a ofishinmu na Sharaɗa,
ranar Talata, bayan la'asar.
Kowanne ɗauke da hanjin ƙasa,
dogayen sandunan dutse da injin haƙa ya zaro
daga wani ƙauye da ban taɓa shan ruwansa ba.
Na jera su a tebur kamar mai kasa rake.

Daga sama na fara karatu, yadda ake karanta wasiƙa.
Jar marmara, mita huɗu.
Yumɓu mai danƙo, irin na maginan tukwane.
Tsakuwa.
Sai rairayi, fari tas, har yanzu da sauran sanyi a jikinsa.
A nan ruwa ke kwana,
mita talatin da biyu daga tafin ƙafar manomi.
Ƙarƙashinsa laka siririya, ba ta fi kaurin katifa ba,
sannan baƙin da aka zo nema.

Kwal.
Dajin da ya mutu tun ba a halicci gatari ba.

Babana, Malam Sambo, rijiya yake haƙa a bayan Dala.
Da ya yi gaba biyu sai ya ɗanɗana ƙasar da harshe,
ya tofar, ya ce a ci gaba, ko a tashi.
Dutsen Kano marowaci ne, in ji shi,
a tsaga yake ɓoye ruwa, kamar tsohuwa da kuɗin adashi.
Ya ce da ni: Kubura, ƙasa ba ta ƙarya,
sai dai ta yi shiru a yi ƙarya da sunanta.

Mutanen can ba su san wannan rowar ba.
Guga ɗaya, igiya gajera, sun cika randa.
A taswira na ƙirga rijiya arba'in da ɗaya,
ɗigo-ɗigo shuɗi, kamar an watsa wake.
Yaron da ya yi awon ya rubuta a gefen ɗaya da biro:
ta Inna Tabawa, ba ta ƙafewa ko da bazara.

Kafin a kai ga baƙin, sai an ratsa farin.
Sai an kafa injuna dare da rana
suna zuƙe ramin don ma'aikata su tsaya a busasshe.
Wa zai gaya wa ruwa inda iyakar kamfani ta tsaya?

Na farfasa ɗan kwal ɗin.
Cikinsa da ƙwayoyi masu ƙyalli, kai ka ce zinare,
alhali ƙarfe ne ya haɗa kai da farar wuta.
Na zuba a kwalba, na ƙara ruwa, na bar bakin a buɗe.
Mako uku.
Yau ruwan ya koma launin tsatsa,
tsaminsa ya wuce na tsamiya,
ko ƙuda bai sauka a bakin kwalbar ba.

Injiniya Bashari yana son rahoto ranar Alhamis.
Ya ce a taƙaita, masu kuɗin ba sa karanta shafi na uku.
Kuma bai yi ƙarya ba da ya ce aiki ne na mutum ɗari biyar,
har da ƙanena da ke zaune da takardu shekara shida.

An ɗauke wuta.
Ta taga ina hango Ilu yana tura kura a hawan kwalta,
jarka goma sha biyu, jijiyar wuyansa a miƙe,
kuɗin ruwa ya sake tashi jiya.
Na san yadda gari ke zama in rijiyoyinsa sun yi shiru,
a cikinsa na girma.

Na kunna fitilar waya.
Abin da ke shafi na uku na mayar shafin farko.
Na ɗebi rairayin nan kaɗan,
na sa a harshe.